Kwana Goma Sha Shida a Kan Ragowar Kafet

Litinin, rana ta 1

Abin da ya kai ni ba abin alfahari ba ne. Ranar Alhamis da ta wuce na sunkuya zan ɗaure igiyar takalmi a ƙofar ofis, ƙuguna ya riƙe, na tsaya a duƙe kamar mai neman allura har sai da mai gadi ya zo ya tallafe ni. Shekarata 47. Ina buga ƙwallon dattawa duk Asabar, ina ɗan tattaki in na ga dama, kuma da ka tambaye ni a lokacin sai in bugi ƙirji in ce ni mai motsa jiki ne.

Ƙanena, wanda ke aikin gashin ƙashi a asibiti, ya kwantar da ni ya danna nan ya danna can. Ya tambaye ni ko ciwon na sauka ƙafa, ko akwai inda nake jin ya mutu. Na ce babu. Ya ce, "Yaya, ba abin da ya karye. Kujera ce ta cinye ka. Awa tara kana zaune kullum, ranar Asabar kuma ka fita kana zura gudu kamar ɗan shekara ashirin. Ka gwada yoga mana."

Na yi dariya. Ni da na tashi da finafinan Indiya, in aka ce yoga abin da nake gani shi ne tsoho mai gemu har cibiya, ya harɗe ƙafa a kan dutse, jarumi ya zo neman sa'a a wurinsa. Amma ƙugu ba ya jin dariya. Yau bayan Asuba na jingina waya da butar shayi, na kunna bidiyon masu farawa na minti 25.

Kafin nan na sa ƙaramar 'yata ta ɗauki awo, don kada in yaudari kaina daga baya. Na sunkuya ƙafa a miƙe, ta sa rular makaranta: tsakanin yatsuna da ƙasa santimita 24. Nauyi kilo 88. Tumbi inci 39 da tef ɗin tela. Tsayuwa a ƙafa ɗaya ido a rufe, daƙiƙa 4, ita ma da ƙyar.

Tabarma na fara shimfiɗawa, ta yi ta zamewa a kan tayil. Darduma kuwa ban yarda in taka ta don wannan ba. A ƙarshe ragowar kafet da ta rage lokacin da aka gyara falo ita ta yi aikin.

Talata, rana ta 2

Tsamin jiki a inda ban san akwai nama ba: bayan cinya, gefen haƙarƙari, wuyan hannu. Akwai wani tsari da suke kira miƙar kare, ka dafa ƙasa da tafin hannu da na ƙafa, ka tura ƙugu sama. Matar da ke koyarwa ta ce wai nan ne wurin hutawa. Hannuna na rawa, zufa na ɗiga a kafet duk da sanyin hunturu, ita tana maganar hutu.

Uwargida ta leƙo ta gan ni a haka. Ta ce, "Baban yara, lafiya? Ko kuɗi ne suka faɗi?"

Laraba, rana ta 3

Na yi. Ban ji daɗi ba. Abin da na fi so shi ne na ƙarshe, inda ake kwanciya rigingine a saki jiki. Sunansa kwanciyar gawa, kuma shi kaɗai na iya ba gyara.

Alhamis, rana ta 4

Yau na kama wani abu. Duk lokacin da miƙa ta yi zafi, ashe riƙe numfashi nake yi, in cije haƙora. Da na bi maganar malamar na saki iska a hankali ta hanci, sai na ji jijiyar bayan cinya ta ɗan sake, kaɗan dai, kamar an sassauta mazagi. Da dare na faɗa wa ƙanena. Ya ce a makonnin farko ba wai naman ne ke ƙara tsawo ba, jiki ne ke daina tsoron miƙar, sai ya bar ka ka ƙara gaba. Na ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ni kuwa na bushe. Ya ce, "Ba ka bushe ba, Yaya, ka dai yi tsatsa."

A ofis na sa ƙararrawa a waya, duk awa ɗaya in tashi in zagaya. Wannan ba yoga ba ce, amma ita ta tuna mini.

Juma'a, rana ta 5

Tun safe wani abu ke ci mini rai. Bidiyon yau ya buɗe da haɗa tafin hannu a ƙirji, da jan wani sauti mai tsawo, sannan jerin motsi goma sha biyu da ake kira surya namaskar. Na nemi ma'anar sunan: gaisuwa ga rana. Nan na dakata. Mu da aka hana mu ko nafila a daidai lokacin da rana ke ɓullowa, ga ni da hantsi bai yi ba ina shirin sunkuya mata da sunan motsa jiki.

Bayan an sauko daga masallaci na tsaya da maƙwabcina, malamin Islamiyya ne, mutum mai sanyin magana. Na zayyana masa komai. Ya ce, "Alhaji, miƙa ƙafa ba ta da addini. Amma abin da aka sa wa sunan girmama wanin Allah, da lafazin da ba ka san me yake nufi ba, me zai kai ka?" Bai ce halal ba, bai ce haram ba. Ya ce in tsame abin da nake bukata in bar musu sauran.

Na yi ɗan karatu da yamma, na ga ba ni na fara wannan tambaya ba. A 2008 majalisar fatawa ta ƙasar Malesiya ta hana Musulmi yoga saboda abin da ke cikinta na ibadar Hindu. A farkon 2009 majalisar malaman Indonesiya ta raba abin biyu: mai ɗauke da karance-karancen ibada ta hana, wadda motsa jiki ce zalla ta bari. Saudiyya kuwa a 2017 ta amince da ita a matsayin wasa. Wato malamai ma sun kalli abin ta kusurwa daban-daban.

Gaskiyar magana, ba adalci ba ne a ce yoga ba ta da alaƙa da addini don kawai muna son mu yi ta. Kalmar daga harshen Sanskrit take, tushenta na nufin haɗawa, kamar yadda ake haɗa shanun noma da karkiya, kuma tsofaffin littattafanta, irin wanda ake jingina wa Patanjali, maganar tattara zuciya suka fi yi. Kalmar asana da yanzu ake kiran kowane tsari da ita, asalinta zama take nufi. Wannan lanƙwashe-lanƙwashen da ya cika duniya yawancinsa a ƙarni na 20 ya yi ƙarfi, musamman ta hannun Krishnamacharya da ya koyar a fadar Mysore a shekarun 1930, da almajiransa. A Disamban 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni ta zama ranar yoga, bisa shawarar Firaministan Indiya Narendra Modi. Abin nasu ne, suna alfahari da shi, ni ɗan aro ne. Ɗan aro kuwa yana da damar ya ce wannan na ɗauka, wannan na bari.

Na yanke shawara: ba sauti, ba haɗa hannu a sunkuya wa kowa, ba gaisuwar rana. Na samo wani bidiyon da wani likitan gashin ƙashi ya shirya don masu ciwon baya. Motsin kusan iri ɗaya ne, sai dai babu turare babu kiɗa.

Asabar, rana ta 6

Ƙwallo. Na je da zumuɗi, ina tsammanin zan ga bambanci. Minti 15 da farawa ina haki kamar kullum, hannu a gwiwa, wani ɗan fansho da ya ba ni shekara goma ya wuce ni da ƙwallo yana dariya. Na taɓa wuya na ƙirga bugun zuciya na daƙiƙa 15 na ninka huɗu: 156. Jiya a kan kafet, a tsakiyar abin da nake ganin wahala ce, 92 na samu.

To ga amsar farko. Zufar da nake yi a yoga ta rawar tsoka ce, ba ta gudun zuciya ba.

Da na gaya wa abokan wasa abin da nake yi da safe, mai tsaron gidanmu ya ce saura in fara rawa a bayan bishiya. Sun sa mini suna, ba zan rubuta shi a nan ba.

Lahadi, rana ta 7

Na je ƙauye gaida Inna. Ta haura saba'in. Na same ta zaune a tabarma, ƙafafu a miƙe sambal, baya a tsaye ba jingina, tana tsince wake a faifai. Da aka yi sallama a zaure ta miƙe tsaye, hannu ɗaya kawai ta ɗan dafa. Daga baya na gan ta a tsugune gaban murhu, diddige a ƙasa, ta fi minti goma tana hura wuta tana ba jikanta labari.

Na zauna ina kallon ta, kunya ta kama ni. Wannan zaman na miƙe ƙafa da baya a tsaye yana cikin bidiyona, da sunansa na Sanskrit, kuma ni sai na sa filo a ƙarƙashina nake iya minti ɗaya. Tsugunon nan ma yana ciki. Da na gwada shi ranar Laraba baya na tafi, na zauna daɓas. Inna ba ta taɓa jin kalmar yoga ba. Abin da take da shi shi ne shekara saba'in na zaman ƙasa, daka, shara da guntuwar tsintsiya, ɗiban ruwa, da salla biyar. Mu muka samu kujera mai juyawa da masai na zama da mota, muka sayar da gwiwa da ƙugu ba mu sani ba, yanzu muna sayen data don wata a Amurka ta koya mana tsuguno.

Ba ina cewa wahala magani ba ce. Ƙanwar Inna irin aikin nan ne ya lanƙwasa mata baya, yanzu da sanda take tafiya. Amma gaɓar da ake kai ta iyakarta kullum ba ta mantawa da hanya.

Na nuna wa Inna miƙar kare a tsakar gida. Ta kalle ni ta ce, "Ɗan nan, in aiki kake nema ga turmi can."

Litinin, rana ta 8

Minti 25, ba labari. Na lura dai na sa safa a tsaye.

Talata, rana ta 9

Yau na yi wauta. Na ga jiki ya fara saki, sai na bar bidiyon likita na shiga na waɗanda suka ƙware. Akwai tsarin da ake kwanciya a ɗaga ƙafafu a wuce da su bayan kai har yatsu su taɓa ƙasa, suna kiran shi garma. Na yunƙura na jefa ƙafafu, kilo 88 ya sauka a wuyana. Na ji wani abu ya ja daga ƙeya zuwa kafaɗar hagu. Da ƙyar na mirgina.

A salla yau sallamar hagu da dukan jiki na yi ta.

Ƙanena bai tausaya mini ba. Ya ce, "Yaya, wa ya aike ka?" Ya duba, ya ce tsoka ce ta ja, in sa tsumma mai ɗumi in huta kwana biyu. Sannan ya yi mini karatu: tsayuwa a kan kai, tsayuwa a kan kafaɗa da wannan garmar, suna cikin waɗanda kan jawo wa mutane rauni, kuma mai hawan jini ko hawan ruwan ido ko matsalar wuya bai kamata ya kusance su ba sai da izinin likita. Ya ce miƙa mai kyau ja take yi, ba ta suka. In ka ji suka, ko wani abu kamar lantarki ya bi ƙafa ko hannu, ka tsaya nan take.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba wanda ya sa ni. Waya ba ta ganin ka. Da malami ne a gabana da ya riƙe ƙafar tun kafin ta tashi.

Laraba, rana ta 10

Hutu. Tsumma da ruwan zafi. Uwargida ta shafa mini man zafi tana cewa, "Da ma ciwon baya kaɗai gare ka, yanzu ka ƙaro na wuya. Allah Ya ƙara riba."

Alhamis, rana ta 11

Ban hau kafet ba. Na yi tattaki mai sauri na minti 30 bayan La'asar, bugun zuciya ya kai 118. Ina tafe ina lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta ce baligi na bukatar aƙalla minti 150 zuwa 300 a mako na motsin da ke ɗaga numfashi daidai-wa-daida, da kuma kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Irin yogar da nake yi ba ta cika wancan ma'aunin na farko ba, tafiyar nan ta yau ta fi ta sa zuciya aiki. Akwai nau'o'in yoga masu sauri da ake yi ba tsayawa, waɗannan suna sa haki, amma ba su ne na mai shekara 47 da wuya a sanƙare ba.

Wato duk wanda ya ajiye tattaki ko ƙwallo ya ce yoga ta ishe shi, ya bar tuwo ya kama miya.

Juma'a, rana ta 12

Na koma, a hankali, minti 15. Lanƙwasa baya da sakin sa a kan gwiwa da hannu, wanda suke kira kyanwa da saniya. Ɗaga ƙugu daga kwance. Ɗago ƙirji daga rub-da-ciki kamar gamsheƙa, ba tare da na tanƙwara wuya ba. Miƙa bayan cinya da tsohon rawani a maimakon igiyar da suke sayarwa. Ashe ma wannan dabarar ta igiya da tubali da bargo B.K.S. Iyengar ne ya yaɗa ta, almajirin Krishnamacharya, wanda ya taso yaro mai yawan ciwo amma ya kai shekara 95 kafin ya mutu a 2014. Ya gane ba kowane jiki ne zai kai ƙasa ba, sai ya ɗago ƙasar ta tarye shi.

Abin da ya faranta mini rai yau a masallaci ya faru. Na shekara biyu ko uku zaman tahiya na damuna, ƙafar hagu ta yi tsami, in yi ta mutsu-mutsu ina fatan liman ya yi sallama. Yau har aka idar ban tuna da ƙafar ba. Sai da na fito ina neman takalmi abin ya faɗo mini.

Asabar, rana ta 13

Ban buga ba saboda wuya, na je Dandalin Murtala na zagaya tare da masu sassarfa. Haki na nan inda na bar shi. Amma ga wani abu: da ma duk ranar da na yi gudu, da yamma bayana kan ƙage, in tashi daga kujera sai na dafa. Yau da na dawo na yi miƙar minti goma kafin wanka, kuma har dare ba abin da ya riƙe.

Lahadi, rana ta 14

Ƙanena ya zo cin abincin rana, na tsare shi da tambaya: shin abin nan da gaske yake, ko zuciyata ce kawai ke raya mini? Ya ce a kan ciwon baya dai akwai hujja. A 2017 ƙungiyar likitocin Amurka ta sa yoga cikin abubuwan da za a fara gwadawa ga mai daɗaɗɗen ciwon ƙasan baya kafin a kai ga ƙwayoyi. A shekarar kuma aka wallafa wani bincike da aka yi a birnin Boston da mutum 320, inda aka ga ajin yoga na mako 12 ya yi aiki daidai da zuwa gashin ƙashi.

Na ce to ashe ta fi aikinku. Ya ajiye cokali. Ya ce, "Daidai na ce, Yaya, ban ce ta fi ba. Kuma sauƙin matsakaici ne, ba warkewar mu'ujiza ba. Duk motsin da ka yarda za ka riƙa yi kullum zai ba ka kusan haka." Ya ƙara da cewa masu tallar ta a intanet da ke cewa tana wanke dafi daga jiki, tana narkar da teɓa, tana maganin sukari da rashin haihuwa, kasuwa suke ci. Mai shan maganin hawan jini ya ci gaba da shan abinsa.

Na ji daɗin wannan magana fiye da in da yabon ta ya yi.

Litinin, rana ta 15

A ofis wurin alwalarmu famfo ne mai tsawo, sai ka ɗaga ƙafa ɗaya ka wanke kana tsaye a ɗaya. Kullum da hannu a bango nake yi. Yau na wanke dama na wanke hagu, hannu biyu duk suna kan ƙafa. Ba wanda ya lura sai ni.

Barci ma ya ɗan gyaru kwanakin nan, amma ba zan ba yoga ladan duka ba, tunda don in tashi da wuri na daina riƙe waya har sha biyun dare.

Talata, rana ta 16

'Yata ta dawo da rula. Tsakanin yatsu da ƙasa santimita 15, daga 24. Tsayuwa a ƙafa ɗaya ido a rufe, daƙiƙa 11, daga 4. Nauyi kilo 88. Tumbi inci 39, bai san ma ana yi ba. Ta rubuta a bayan littafin lissafinta ta ce, "Baba, biyu ka ci, biyu ka faɗi."

Haka ne. Yoga ta sassauta mini ƙugu da bayan cinya, ta gyara mini tsayuwa, ta koya mini sakin numfashi a lokacin da jiki ke son ƙanƙamewa. Ba ta ƙara mini iska a fili ba, ba ta taɓa tumbi ba, kuma ranar da na yi mata gaggawa ta murɗe mini wuya. Kwana 16 ba su isa a yanke wa abu hukuncin ƙarshe ba, amma sun isa in san gurbinta: minti 20, sau uku a mako, da kuma minti goma bayan ƙwallo. Sauran ranakun tattaki. Ƙanena ya ce in ƙara da tsuguno-tashi da ɗaga wani abu mai nauyi sau biyu a mako, na riga na cika jarkoki biyu da yashi.

Wanda aikinsa zama ne irina, direba ko tela ko ma'aikacin ofis, ina ganin ta cancanci wannan ɗan lokacin, in dai an fara duba shi an tabbatar ciwon bayan ba na jijiya ba ne, kuma ya bar tsayuwa a kan kai ga masu ita. Wanda tumbi yake son ragewa kuwa, ya nemi takalmi ya kuma duba kwanonsa.

Na naɗe kafet na jingina bayan ƙofa. Gobe Laraba ranar tattaki ce, sai jibi zan shimfiɗa shi.